Fuskoki Bakwai a Katangar Gidanmu

Didam da Bobai, na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku labarin kakanku da gonarsa ta citta, na rubuta yadda na haɗu da mahaifiyarku Saratu a ƙungiyar mawaƙan coci, duk bai yi mini wuya ba. Yanzu na iso shekarar da yayarku Zigwai ta yi zane a katangar gidanmu. Kuna makarantar kwana a lokacin. Kun dawo hutu kun tarar da katanga fara fat, aka ce muku manyan ƙaramar hukuma ne suka turo yara suka shafe. Haka kuka taso kuna faɗa, har na taɓa jin Bobai yana ba matarsa labarin cikin zafin rai. Ba haka aka yi ba. Ni na shafe shi da hannuna, kuma zan gaya muku dalili tun daga tushe.

A wancan lokaci ina aiki a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma. Ba zan ambaci sunanta ba, don waɗanda muka yi aiki tare suna da 'ya'yan da ba su san komai ba. Kullum da safe nakan hau babur daga Kafanchan, in dawo da yamma. Aikina duba abin da 'yan kwangila suka gina, ko kwalbati ko ajin makaranta ko rumfar kasuwa, in na gamsu sai in sa hannu a takarda cewa an gama yadda aka tsara. Akwai wata 'yar gada da aka ba da kwangilarta a kan rafin da ya raba wani ƙauye na bayan dutse da babbar hanya. Sau uku na je ana ginin. Na ga rodin da aka sa sirara ne, kuma an ba su tazara. Na ga ba a haƙa ramin ginshiƙai ya kai dutse ba, a kan yashi aka tsaya. Na rubuta wannan na kai wa ogana. Ya karanta, ya ajiye, ya turo mini takardar kammala aiki, ya ce shugaba yana son buɗe gadar kafin damina, kuma ni ba injiniya ba ne da zan koya wa manya aikinsu. Bai yi mini barazana ba. Ban kuma karɓi komai daga hannun kowa ba, in wannan zai rage muku nauyi. Ni bai rage mini ba. Tsoro kawai na ji kada a ce ina da taurin kai, a jefa ni wani lungu nesa da ku. Na ɗauki biro na sa hannu, na dawo gida na ci tuwo.

Damina biyu gadar ta yi lafiya. A ta uku, ranar kasuwar ƙauyen, ruwa ya sauko daga dutse da rana tsaka. Wata a-kori-kura ta hau gadar ɗauke da buhunan busasshiyar citta da mutane a baya, ginshiƙin tsakiya ya zauna. Mutum bakwai ruwa ya tafi da su. Direban shi ne Nura, ɗan maƙwabcinmu Alhaji Idi. Kun san Alhaji: gidansa yana kallon namu, kakanninsa a garin nan aka binne su, sana'arsu sayen citta tun kafin a haife ni. Ko a shekarun da gari ya rikice mutane suka riƙa komawa unguwannin 'yan uwansu, shi bai tashi daga layinmu ba. Wata ɗaya aka haifi Nura da Zigwai, tare suka yi rarrafe a tsakar gidan nan. Na je ta'aziyya, na zauna a tabarma kwana uku kusa da uban, ina amsa gaisuwar mutane kamar ɗan gida. Daga baya aka naɗa kwamiti, suka je suka leƙa rafin, suka rubuta cewa ruwan bana ya fi ƙarfin kowace gada. Aka sa fayil a kabad. Ni kuwa abinci ya daina shiga cikina. Mahaifiyarku ta ce taifot ne, ta yi ta dafa mini ganye.

Zigwai ta gama karatun zane a Zariya, ta yi bautar ƙasa ta dawo gida a shekarar. Tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta, da yamma kuma tana rubuta wa masu aski da masu kemis allunan shago. Ba ta da yawan magana, amma in ta sa abu a ranta sai ta kai ƙarshensa, halin kakarku sak. Bayan an gama girbi, wata ranar Asabar muna cin abinci a tsakar gida, ta ajiye cokali.

"Baba, ina son katangar waje."

Na ɗauka wani kamfani ne ya nemi ta yi masa talla. Ta ce a'a, mutum bakwai ɗin nan take so ta zana, kowa da fuskarsa da sunansa, inda duk mai zuwa kasuwa zai gan su. Ta ce wata biyar ke nan, an daina maganarsu kamar awaki ne ruwa ya ci, mutanen ƙauyen kuma sun koma tsallaka rafi da ƙafa. Mahaifiyarku ta ƙi nan take. Ta ce ba a jera matattu a ƙofar gidan da ke da budurwa, ta ce mijinta ma'aikacin hukuma ne, ta kuma ce Alhaji Musulmi ne, ba zai so a kafa masa hoton ɗansa a gaban ƙofa ba. Zigwai ta ce ta riga ta je wurinsa. Alhaji ya ce mata shi ba ya rataye hoto a ɗakinsa, amma katangar ba tasa ba ce. Ya shiga ciki ya ɗauko mata ƙaramin hoton da ke jikin lasisin Nura.

Sai su biyun suka juyo suna kallona. Da na ce a'a, da magana ta ƙare a nan. Amma Zigwai ba ta karɓar a'a sai da dalili, ni kuma dalili ɗaya gare ni, wanda ba zan iya faɗa ba.

"Katanga ce," na ce. "Ki yi."

Duk Asabar takan hau acaɓa zuwa bakin rafin, ta cire takalmi ta tsallaka, ta bi gidajen mamatan. Shida daga cikinsu suna da hoto, wani na katin zaɓe, wani na ranar aure. Ta bakwai ba ta da shi. Sunanta Hannatu, shekararta tara, ta bi wata maƙwabciya ne za ta kai gyaɗa bakin hanya, kuma ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba tun da aka haife ta. Zigwai ta zauna da uwar, wata mata mai suna Ladi, Asabar huɗu a jere. Ta zaunar da ƙanwar Hannatu a gabanta tana zana fuskarta, uwar tana gyara mata: goshin ya fi haka faɗi, akwai wushirya, akwai ɗan tabo a gira inda ta faɗo daga mangwaro. A Asabar ta huɗu Ladi ta kalli takardar, ta kife ta a cinyarta. Zigwai ta dawo gida ranar idonta ja, ta ce ta samu yarinyar.

Mako uku ta yi a kan katangar. Ta ɗora katako a kan durom biyu, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwalin uwarta. Kowace fuska ta kai tsayin ƙofa. Ba ta zana kowa yana kuka ba. Nura yana dariya, hularsa ta zame baya yadda ya saba sa ta. Akwai tsohon mai wa'azin ƙauyen da tabaransa da aka ɗaure da zare, akwai wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, akwai Hannatu a tsakiya da wushiryarta. Daga ƙirjinsu zuwa ƙasa ruwa ne, jajaja irin na rafi in ya ɗauko laka. In na dawo daga aiki nakan riƙe mata tsani, in dama mata fenti. Ina son ku san wannan ma, don ban san yadda zan bayyana shi ba. Ina alfahari da ita, kuma duk fuskar da ta gama ji nake kamar an ƙara mini dutse a ciki. Rana ta ƙarshe ta rubuta sunayen a ƙasa, sannan ta hau can sama da jan fenti ta rubuta manyan baƙaƙe: WA YA SA HANNU? Ta ce wani dattijo a ƙauyen ne ya gaya mata cewa babu aikin hukuma da ake buɗewa sai wani ya sa hannu cewa ya yi kyau. Ta sauko tana goge yatsu da kananzir.

"Baba, kai ka san yadda ake yi. Wa kake jin zai zama?"

Na ce mata takarda irin wannan tana bi ta ofisoshi da yawa, kuma fayil yakan ɓace. Ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya ba kafin ranar.

Layinmu shi ne hanyar kasuwa, ba a yi kwana biyu ba gari ya ɗauka. 'Yan acaɓa suna tsayawa da fasinja a baya. Mata suna sauke kaya su karanta sunayen da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Wani Bafulatani ya zo da sandarsa ya tsaya gaban matar mai nono tun hantsi har rana ta karkata. Alhaji ya fito da bencinsa daga zaure, bayan la'asar kullum yana zaune yana fuskantar katangar da carbi a hannu. Abin da ban zata ba shi ne matasa. Samarin cocinmu da samarin masallacin su Alhaji, waɗanda suka yi shekaru ba sa zama benci ɗaya, suka haɗu suka rubuta koke a sake binciken gadar a kuma gina wata. Suka ajiye tebur a gindin katangar, mutane suna zuwa suna rubuta sunayensu. Fasto ya ambace ni a wa'azi, ya ce Dattijo Ishaya ya ba da katangar gidansa domin gaskiya. Bayan an gama sujadar coci mutane suka yi layi suna ba ni hannu. Kowace safiya kuma in na turo babur daga ƙofa, jan rubutun nan ne a saman kaina.

A mako na shida ogana ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce ya ji koken ya kai Kaduna, ana maganar turo mutane su buɗe fayil. Ya tambayi lafiyar iyali, ya ce ya ji 'yata tana da baiwa.

"Ni dai sunana ba ya cikin takardar nan, Ishaya," ya ce. "Naka ne. Katangar ma taka ce."

Ranar Lahadi na ce zazzaɓi nake ji, ba zan iya zuwa coci ba. Ranar godiyar zumuntar mata ce, na san sujada za ta kai awa huɗu, kuma kusan duk layinmu suna can. Tun Juma'a na sayo farar ƙasa a wata kasuwa da ba a san ni ba, na ɓoye a ɗakin kaji. Da na ji an fara kiɗa a coci na jiƙa ta a bokiti, na ɗaura buroshi a gora, na fita. Da rubutun na fara. Na shafe shi, na sauko kan tsohon mai wa'azi, sannan Bafulatanar. Wanda bai taɓa shafa farar ƙasa ba bai san wannan ba: in tana jiƙe ba ta rufe komai, sai ta fara bushewa take yin fari. Saboda haka ina shafawa suna kallona ta cikin ruwan, sai rana ta buga su riƙa dusashewa a hankali. Sau uku na bi kowace fuska. Ina kan Hannatu na ji ƙarar ƙofa a bayana.

Alhaji ne. Ya tsaya a bakin zaurensa, ya dubi bokitin, ya dube ni. Na jira ya yi ihu ko ya tsallako ya ƙwace gorar, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya jawo bencinsa ya zauna.

"Malam Ishaya, an matsa maka ko?"

Na ce e.

"To. Ka bar mini Nura na ƙarshe."

Na bar shi na ƙarshe. Na gama sauran, na tsaya ina dama bokitin da ba ya bukatar damawa, don in ba shi lokaci. Can ya ɗaga hannu alamar in ci gaba. Bai kau da kai ba har hular ta ɓace, har dariyar ta ɓace. Da na gama ya miƙe ya ɗauki bencinsa. Ya ce kada in damu, duk wanda ya tambaye shi zai ce yana ciki bai ga kowa ba, ya san mai iyali ba ya jayayya da hukuma. Sannan ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya sa hannu a takardar nan, da wanda ya tilasta mini. Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Na wanke bokiti, na jefa buroshin a masai, na kwanta na ja bargo. Da aka taso daga coci na ji hayaniya tana ƙaruwa a waje. Na fito ina dafa bango kamar marar lafiya, na ce barci ya ɗauke ni, ban ji komai ba. Nan take wani ya ce ya ga wata farar mota da safe, wani ya ce yara uku ne a ciki. Samari suka ce sai sakatariyar ƙaramar hukuma. Zigwai tana tsaye da Littafi Mai Tsarki a hannu, ba ta yi kuka ba. Ta dubi katangar daga wannan gefe zuwa wancan, ta dubi ƙasa inda na share ɗigon da ya zuba, ta dube ni. Ita ce ta hana samarin tafiya. Ta ce kada a zubar da jinin kowa saboda fenti.

Da yamma ina zaune a gindin mangwaron bayan gida ta zo da man kaɗanya a murfin kwalba, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

"Farar ƙasa tana cin hannu, Baba. Ka shafa."

Na dubi hannuwana, duk sun tsage a gaɓoɓi. Ta ce yaran da aka turo ba sa bin katanga sau uku, ba sa kuma share ƙasa in sun gama. Ta tambaye ni me ya sa. A nan Ubangiji ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na ƙi shiga. Na ce an yi mini kashedi a ofis, na ji tsoron kada a kore ni ko a zo a taɓa gidan, ku kuma kuna makaranta. Ta daɗe a durƙushe.

"Da ka gaya mini, da ni zan shafe da hannuna," ta ce. "Da na fara kiran Maman Hannatu ta zo ta yi sallama da ita."

Ba ta gaya wa kowa ba. Amma abin da na yi bai tsaya a katanga ba. Kafin mako ya zagayo wata magana ta fito, wai ba hukuma ba ce, mutanen su Alhaji ne suka shafe don addininsu bai yarda da hoto ba, in ba haka ba yaya mutum yana gida zai ce bai ga kowa ba. Samarin masallaci suka ji haushi suka janye. Na coci suka ce dama sun sani. Teburin koke ya koma gidan mai shi, mutanen Kaduna ba su zo ba, fayil bai fito daga kabad ba. Akwai waɗanda suka daina gaida Alhaji a layin nan, mutumin da ya binne ɗansa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke shi, bai faɗa ba. Ni ma ina ji ina gani ban faɗa ba. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, kuma duk Babbar Salla sai ya aiko mana da cinyar rago. Ya rasu yana ganin ni abokin wahalarsa ne.

Zigwai ta tafi Jos farkon shekarar da ta biyo baya, ta samu aiki a wani wurin buga takardu. Kun sha tambaya me ya sa ta daina zanen mutane, me ya sa in ta zo Kirsimeti ba ta wuce kwana biyu. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Takan durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini magani da takalmi, amma ba ta ƙara zama da ni a gindin mangwaro ba. Takardun da ta yi zanen farko a kansu ta bar su a akwati a ɗakin ajiya, gara ta cinye su. Wayoyi masu ɗaukar hoto ba su yawaita ba a lokacin. Hoto ɗaya na san an ɗauka, daga tsallaken titi, fuskokin ba su fi ƙwayar wake ba a cikinsa.

Mahaifiyarku ce ta tilasta mini a ƙarshe. Kwana biyu kafin ta rasu, da rana, ku kun fita neman jini, ta kira ni kusa da gadon.

"Baban Zigwai, ni na wanke wandonka ranar da aka shafe katanga, na ga farar ƙasa a jikinsa. Na kuma san ba taifot ne ya hana ka cin abinci shekarar gada ba. Na yi shiru saboda yara. Kada ka biyo ni da shi a ciki."

Bayan jana'iza, da baƙi suka watse, na samu Zigwai a bayan gida tana ware kwanukan da aka aro daga maƙwabta. Na tsaya na gaya mata komai, rodin, yashin, biron. Ba ta daina jera kwanukan ba sai da na kai ƙarshe. Ta ce shekara da shekaru tana ƙoƙarin yafe mini tsoro, har ta kusa, yanzu ba ta san me za ta yafe ba. Ta ce ta tuna ina riƙe mata tsani tana rubuta tambayar.

"Ba ni ce na rasa ɗa ba, Baba. Ka san hanyar ƙauyen."

Na tafi bayan wata ɗaya. Akwai sabuwar gada yanzu, mutanen ƙauyen da 'ya'yansu na birni suka haɗa hannu suka gina bayan shekaru suna tsallakawa da ƙafa. Na sauka daga acaɓa na taka ta da ƙafata. Mai unguwa ya tara mini waɗanda suka rage daga iyalan, na tsaya a gabansu na faɗi sunana da abin da na yi, na gadar da na katangar. Wasu suka tashi suka tafi. Ɗan tsohon mai wa'azin ya zage ni zagin da ba a taɓa yi mini ba, babu wanda ya hana shi, ni ma ban so a hana shi ba. Wata mata da furfura ta fara cin kanta ta jira kowa ya gama, ta ce in biyo ta gida. Ladi ce. Ta ba ni kujera da ruwa, ta zauna a kan turmi. Ta ce a makonnin da zanen yake nan, duk ranar kasuwa takan sayar da ɗan abin da ta samu ta hau mota zuwa Kafanchan, ta zauna a bakin kwata gaban gidanmu ta ci ƙosai tare da 'yarta. Ta ce ta sha ganina ina fitowa da babur, har tana sa mini albarka a zuci. Ranar da ta zo ta tarar da fari, ta ɗauka ɓatan hanya ta yi, ta bi layin sau uku. Ta yi maganar da irin Hausarmu ta ƙauye, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Yarinya na ba shi da hoto, Baba. Wancan ne kawai. Ɗiyanka zai iya yi mini kuma?"

Na kira Zigwai a waya daga bakin gadar. Ta ce za ta zo Asabar. Ta zo da takarda da fensir, muka hau acaɓa biyu. Ƙanwar Hannatu ta yi aure a Gwantu, ta haifi uku, aka ce fuskarta ta canza, ba za ta yi amfani ba. Ba abin da ya rage sai abin da ke kan uwar da abin da ke kan Zigwai. Suka zauna a inuwar rumbu tun safe, ni ina gefe. Zigwai ta tuna wushiryar da tabon gira. Ladi ta ce goshin faɗi ne, can kuma ta ce a'a, kamar na ƙanwar ne mai faɗi. Aka tambaye ta hancin, ta rufe ido ta daɗe, ta buɗe ta ce ba ta gani. Zigwai ta goge ta sake, ta goge ta sake, har takardar ta fara hujewa ta ɗauki wata. Da rana ta yi sanyi ta miƙa mata. Ladi ta riƙe takardar da hannu biyu, ta kai ta kusa da ido, ta nisanta ta.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Amma ki bar mini. Yarinya ne mai kyau."

Ta shiga ɗaki da ita, ta fito da gyaɗa a leda ta ba Zigwai. Ni ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba.

A hanyar dawowa gwiwata ta riƙe a gangaren da ke sauka zuwa gada. Zigwai ta kama hannuna har muka kai inda 'yan acaɓa suke jira, sannan ta saki. Ba ta kwana a gida ba. Na raka ta tasha, ta samu kujerar taga a motar Jos, na tsaya a waje ina jiran mota ta cika. Na ga ƙurar fensir har yanzu a gefen hannunta. Da direba ya tada inji ta zuge gilas, ta miƙo mini ledar gyaɗar.

"Ka riƙa shan maganinka, Baba," ta ce.

Na tsaya a tashar da ledar a hannu har wani ɗan kamasho ya tambaye ni ko tafiya zan yi. Na ce a'a, gida za ni.